Wa Ya Ci Wuƙar Kawu?

Ƙasar Kurfai ba ƙasar tsatsa ba ce. Duk wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Filinge, tafiyar kilomita wajen 180 ta Baleyara, zai ga gawarwakin motoci a gefen hanya waɗanda suka shekara goma ko fi a rana. Fenti ya ƙone, yara sun kwashe duk abin da ke kwasuwa, amma in ka ƙwanƙwasa ƙarfen sai ya amsa maka garau. Da a Kwatano ko Legas aka yar da su, da tuni iskar teku ta rarake su. Ruwan da ke sauko mana a shekara da wuya ya wuce milimita 400, kuma kusan dukansa tsakanin Yuli da Satumba yake zuba. Sauran watannin busasshiyar iska ce, mai fasa leɓe da dunduniya, amma ta bar ƙarfe lafiya lau. Shi ya sa a nan ake gadon gatari, ake gadon takobi, jika ya yi aiki da abin da kakansa ya saya.

A irin wannan ƙasa ce tsatsa ta ci wuƙar layyar kawuna. Ranar sallar layya ta 2021, an sauko daga idi, rago na ɗaure, aka ɗauko wuƙa ta ƙi fita daga kube. Sai da samari biyu suka kama, ɗaya kube ɗaya ƙota, kafin ta zaro da ƙara, ja wur, tana zubar da gari. Aka aika yaro aron wuƙa maƙwabta. Ga dattijon da ya shekara talatin yana yanka wa rabin unguwa ragunansu, wannan ba ƙaramar kunya ba ce.

Wuƙar ba ta aikin yau da kullum ba ce. A farkon shekarun 1990 aka ƙera masa ita, lokacin da ya zama mai gida bayan rasuwar kakanmu, kuma tun daga ran nan layya kaɗai take yi. Sau ɗaya a shekara take ganin rana. Fiye da shekara ashirin ana zaro ta fes, a ɗan goga ta a dutse, a yi bisimilla. A sallar 2017 ne aka fara ganin ɗigo-ɗigo ja a jikinta, Kawu ya dirje da yashi bai ce komai ba. Shekara ta zagayo, ɗigon ya zama tabo. Daga nan kowace sallah sai abin ya fi na bara muni. Da yake babban hutun makaranta ne, ni kuma malamin makaranta ba shi da aiki sai tambaya, na roƙi Kawu ya ba ni wuƙar in bi sawun ɓarawon.

"Ɗauki, ɗana," in ji shi. "Amma na riga na san amsa. Ƙarfen ne ya mutu. Kayan zamani ba su da albarka."

Na yi shiru ban tuna masa cewa wuƙar ta girmi yawancin 'ya'yansa ba. Na nufi maƙera.

Wanda ya ƙera ta ya daɗe da rasuwa, ɗansa ne ke zaune gaban uwar maƙera, shi ma furfura ta cim masa. Ya karɓi wuƙar ya jujjuya, ya ɗauki magagari ya ja sau biyu a bayanta. Ƙarƙashin jan sai ga farin ƙarfe yana walƙiya, magagarin kuma yana zamewa, bai kama sosai ba.

"Baba, ƙarfen ya gaji ne?"

"Ƙarfe ba ya gajiya a kwance. Ka ji yadda magagari ke santsi? Taurin da tsohona ya ba ta yana nan. Ni na hura masa zugazugi ranar da ya yi ta. Biyu ya fitar daga ƙarfe guda, 'yar'uwarta na kasuwa wajen mahauci. Je ka duba ta, ka dawo ka gaya mini ko ƙarfe ne."

Ƙarfen da yake nufi shi ne faffaɗan nan da ake jerawa ƙarƙashin babbar mota don ya ɗauki nauyinta. Maƙeranmu sun daɗe da gane cewa babu kamarsa wajen wuƙa da adda. Yana da sinadarin kabon ɗan kaɗan, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ne ke sa in an tsoma shi a ruwa da zafinsa ya yi tauri, ya ɗauki kaifi ya riƙe. Aibinsa ɗaya, ba shi da abin kare kansa daga laima. Ƙarfen da 'yan tebur ke kira inoks yana da shi, domin an haɗa masa kiromiyam fiye da kashi goma cikin ɗari, wanda ke yi masa wata fata da ido ba ya gani. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya dace da wannan haɗi a birnin Shefil na Ingila a 1913. Wuƙaƙen inoks masu arha sun cika kasuwar Filinge, kuma ga albasa da tumatir ba su da laifi. Amma ban ga dattijon da zai ɗora irinsu a wuyan rago ba, kuma ina bayan dattawan. Shari'a ta ce a kaifafa wuƙa kada dabba ta wahala, waɗannan kuwa ka wasa su da safe, kafin hantsi sun dakushe.

Na tarar da 'yar'uwar a hannun mahaucin, tsohon abokin Kawu. Wasa ya cinye rabin faɗinta, ta rame, launinta toka-toka mai duhu, tana sheƙin kitse. Ko ɗigon ja babu. Ƙarfe ɗaya, maƙeri ɗaya, rana ɗaya, kuma ita ce ma ke kwana cikin jini kullum. Maƙeri ya fita daga zargi.

Da na koma gida Inna, matar Kawu, ta jawo ni gefe. Ita a wurinta magana a fili take: baki ne. Mutum ya yi shekara talatin ana yabon wuƙarsa da hannunsa, ai dole wani ya ji haushi. Har ta sa an ɗaura wa kuben laya tun 2019. Ban yi musu da ita ba, ba a musu da Inna. Na dai ce mata in baki ne, to bari mu ga ta wace ƙofa ya shigo.

Wanda kowa ya nuna wa yatsa bayan wannan shi ne ruwa. Filinge na zaune a bakin Dallol Boso, tsohon kwarin kogin da ya taɓa gangarowa daga Azawak zuwa kogin Kwara ya ƙafe tun zamanin da babu mai tunawa. Ƙasar kwarin tana da kanwa, can kudu wajen Boboye har dafa ta ake yi a kai kasuwa, kuma wasu rijiyoyinmu ruwansu na da zartsi. Ƙanen Kawu ya rantse cewa kanwar rijiya ce ke cin ƙarfe. Wannan magana tana da sauƙin gwadawa. Na sayi ƙusoshi a kasuwa, na dirje su da yashi har suka yi fari, na jera kofunan shayi a kan taga. Wani na zuba masa ruwan sama da aka tara daga indararo, wani ruwan rijiyar gida, wani ruwan da na jiƙa kanwa, wani ruwan gishiri. Na ƙarshe na tafasa ruwan sosai don iskar cikinsa ta fita, na jefa ƙusa, na zuba man gyaɗa a sama ya rufe.

Kashegari da safe ruwan sama da na rijiya duk sun fara yin rawaya, ba ka bambance su. Na gishiri ya fi su, har gari ya fara kwantawa a gindin kofi. Ƙusar da ke ƙarƙashin mai tana nan fara tas, kuma haka ta zauna har na gaji da kallo, domin tsatsa ba ta samuwa sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu a kan ƙarfe, in aka hana ɗaya ɗayan ba ya iya komai. Abin da ya sa ƙanen Kawu ya tuɓe hula ya sosa kai shi ne kofin kanwa. Ƙusarsa ta ƙi yin tsatsa. Kanwa kishiyar tsami ce, shi ya sa mata ke jefa ta a miyar yakuwa, kuma ƙarfe yana son zama cikin abin da ke kashe tsami. Dalilin da ya sa rodi ke shekaru cikin siminti bai lalace ba ke nan, haka kuma tukunyar da aka wanke da toka. Ashe wadda ake zargi mai tsaron gida ce. Gishiri kuwa na riƙe sunansa.

Daga nan na bar tambayar mutane, na zauna da wuƙar kanta a hasken hantsi. Tsatsar ba ta bazu daidai ba. Wajen tsini ta fi kauri, har ta yi ɓawo. A gindi, inda ƙarfe ya shige ƙota, akwai wani baƙin abu busasshe da ya cushe tsagar, na ƙwaƙule da tsinke ya fito gari-gari. A tsakiya kuwa, da na goge jan da tsumma, sai ga wani launi daban a ƙarƙashi, baƙi mai shuɗi-shuɗi, shimfiɗe a fuska biyun. Gefe ɗaya kuma akwai ƙananan ramuka jere a layi, tun daga gindi har tsini, tazararsu daidai wa daida. Tsatsa ba ta san awo ba. Na ɗauko kuben na kwantar kusa da wuƙar, sai ga layin ramukan ya hau kan layin ɗinki, rami ɗaya ga kowane zare.

Akwai wani masani a jami'ar Kambirij, Ulick Evans, wanda a shekarun 1920 ya ɗiga ruwan gishiri a kan ƙarfe ya zauna yana kallo. Ya gano cewa a tsakiyar ɗigon, inda iska ba ta kaiwa sosai, nan ƙarfe ke narkewa ya yi rami, bakin ɗigon da ke shan iska kuma ya tsira. Wato inda wani abu mai laima ya danne ƙarfe ya hana shi numfashi, nan ne ɓarna ke nutsawa ciki. Tudun ɗinkin kube ya danni wuƙar, kuma a jiƙe yake lokacin da ya danne ta. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma nesa ba kusa ba, kumbura take yi, abin da ya sa wuƙar ta cije ke nan.

Na kira jikan Kawu, wanda wankin wuƙa ke hannunsa.

"Yaya kake wanke ta in an gama?"

"Da buta nake zuba mata ruwa, Baba, in goge a jikin fatar ragon, in mayar kube."

"Kashegari fa, ranar rabon nama?"

"Kaka yakan yanka kason maƙwabta da ita. Wannan ba jini, gogewa kawai nake yi."

A ƙasarmu ba a cin layya ranar yanka. Ana gicciye ragunan a kan sanduna, a kewaye babbar wuta da su, a shafe su da gishiri da yaji su wuni suna gasuwa, sai kashegari a yi rabo a yi suya. Ke nan wuƙar tana shan gishiri sau biyu. Na farko daga jini, domin jini da kansa ruwan gishiri ne, shi ya sa ruwan da likita ke ƙara wa majiyyaci ake sa masa gishiri giram 9 a kowace lita don ya yi daidai da na jiki. Na biyu daga naman da aka shafe. Ruwan buta ba ya fitar da abin da ya shige tsagar ƙota, fatar rago kuma ba ta busar da komai. Sai dai yaron bai ƙirƙiro wannan wanki ba. Haka ubansa ya yi, haka baffanninsa suka yi shekara da shekaru, wuƙa na fitowa fes.

Na kai kuben wurin baduku. Da ya ga baƙin da ke jikin wuƙar sai ya yi dariya.

"Wannan aikina ne, ban musa ba. Kubena yana rina wuƙa, amma ba ya cin ta."

Ya jawo wani tsohon gwangwani daga ƙarƙashin tabarma, cike da baƙin ruwa mai wari da guntayen ƙarfe a ciki. Kuloko ne, abin da dukawa ke zana baƙi da shi a kan fata. Ya tsoma tsinke ya ja layi a kan wani ƙyallen fata mai launin ƙasa, muna kallo layin ya rikiɗe ya yi baƙi ƙirin. Da bagaruwa majema ke jeme fata, bagaruwa kuma tana da sinadarin tanin, wanda duk inda ya gamu da ruwan ƙarfe sai ya haifi baƙi. Abin da ya faru cikin kube ke nan, sai dai a juye: fata ta kai wa ƙarfe tanin. Wannan baƙi ba ya cutar da wuƙa. Masu adana kayan tarihi ma da gangan suke shafa wa tsohon ƙarfe tanin don ya tsayar da tsatsa. Amma shaida ce babba, domin busasshiyar fata ba ta rini. Kafin kube ya rina wuƙa haka, sai ya jiƙe ya daɗe a jiƙe.

"Malam, in farke maka shi?"

Ya bi ɗinkin da aska ya buɗe kuben biyu. Cikinsa ya yi tauri, an yi masa daɓe da jini da kitse na shekara talatin, wajen tsini har ya taru ya yi dunƙule, ga farin fumfuna a lungu. Baduku ya lakato da farce ya ɗora a harshe ya tofar. "Gishiri zalla," in ji shi.

Gishiri yana da wata ɗabi'a da kowace mace ta sani: da damina yakan jiƙe a cikin kwano ba wanda ya zuba masa ruwa. In laimar iska ta kai wajen kashi 75 cikin ɗari, da kansa yake jawo ruwa daga iska ya narke. To ga gishiri, ga fata mai riƙe ruwa, ga ƙarfe marar kariya. Na ɗauka magana ta ƙare, sai Kawu ya rushe ta da tambaya ɗaya.

"Kuben nan tare da wuƙar aka yi shi. Gishirin nan ba jiya ya taru ba. Damina kuma kowace shekara tana zuwa. Me ya hana su cin ta tun da can?"

Gaskiyarsa. Ruwa ba ya tsami banza, wani abu ya sauya wajen 2017, kuma ban same shi ba tukuna. Na tambayi Inna inda ake ajiye wuƙar. Ta buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, ta nuna mini baƙar leda, ba ɗaya ba, ninki a kan ninki, da tsumman da take ɗaure bakin tamau. Leda! An kafa dokar hana ta a Nijar tun 2014, amma har yau ita ce furen kowace ƙaya a bakin gari. Na ce na kama ɓarawo. Inna ta ce in sake shi. Tun farkon shekarun 2000 take naɗe wuƙar haka, saboda ƙura da kuma hannun yara, kuma ta yi fiye da shekara goma tana fitowa daga cikin ledar nan ba tabo.

Nan na cije. Kowane mai laifi na da shaidar cewa ya daɗe a gidan ba a yi sata ba.

Mahaucin ne ya warware, ba da niyya ba. Na koma rumfarsa ina ba shi labari, yana ta datsar ƙashi, sai ya ce, "Ai sallar yanzu ta ruwa ce. Bara ba ka ga yadda muka yi ta gudu da raguna daga bakin wuta ba? Rabona da irin wannan tun ina saurayi."

Na dawo gida na zauna da kalandar waya ina ja da baya. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da wajen kwana 11, don haka layya tana tafiya baya-baya cikin yanayi, sai ta yi shekara wajen 33 kafin ta dawo inda ta tashi. A 2000 tsakiyar Maris aka yi ta, lokacin da laimar iska a nan kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. A 2005 cikin Janairu, ana tsakiyar hunturu. A 2010 tsakiyar Nuwamba. A 2015 ƙarshen Satumba, gero ya nuna, ruwa na ɗaukewa. Sai 2016, wajen 12 ga Satumba. Ba shekarar da aka ga tsatsa ya kamata in duba ba, shekarar da aka ajiye wuƙar ce, kuma ɗigon da Kawu ya gani a 2017 ajiyar Satumban 2016 ce. Daga nan sallah ta yi ta nutsawa cikin damina: farkon Satumba a 2017, wajen 22 ga Agusta a 2018, wajen 11 ga Agusta a 2019. Wuƙar da ta cije a 2021 kuwa an naɗe ta ne bayan layyar ƙarshen Yulin 2020, daminar da ambaliya ta rushe dubban gidaje a Nijar, kogi ya shiga unguwannin Yamai.

Sai komai ya zauna a mazauninsa. Leda ba ta san alheri ko sharri ba, abin da ta tarar ranar ɗauri shi take tsarewa. A shekarun da layya ke faɗowa cikin rani, yaro zai mayar da wuƙa da ɗan danshinta, amma kafin Inna ta gama suya ta waiwayi akwati, iska ta shanye ruwan wuƙa da na kube ƙaf. Abin da take naɗewa busasshe ne. Damina ta zo ta wuce a waje, leda da akwati sun rage mata hanya, gishirin ciki bai sami ruwan da zai narke ba. Wani masanin Ingila, Vernon, ya nuna tun shekarun 1930 cewa in laimar iska ba ta kai wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari ba, ƙarfe kusan ba ya tsatsa. Ledar Inna ce ta riƙe wuƙar ƙasa da wannan iyaka shekara da shekaru. Da sallah ta shigo Agusta, lokacin da laimar asuba kan haura kashi 80, kube ya sha ruwan buta ya ƙi bushewa, gishiri ya narke, Inna ta naɗe su duka ta ɗaure baki. Rani ya zo da iskar da za ta busar da su cikin sa'a guda, ledar nan dai ta hana ta shiga. Damina ake ɗaurewa tare da wuƙar, ta kwana da ita wata goma sha biyu.

Saura tambaya ɗaya, kuma ita ta fi ba ni sha'awa. Layya ta taɓa ratsa damina daga wajen 1983 zuwa 1990. Yaya mutanen lokacin suka yi? Mahaucin ya ce da farko dai a 1984 wa ke da ragon yankawa, fari ya share garke. Amma ya tuna abin da iyayensu ke yi. In an gama aiki sai a dirje wuƙa da toka da ruwan zafi, har tsagar ƙota, a ɗauraye. A kai ta bakin wutar layya a ɗan gasa, ba har ta sauya launi ba, iyaka ta yi ɗumin da hannu zai iya riƙewa, sauran ruwan ya tashi. Da ɗuminta a goga mata kitsen ragon, wanda aka keɓe tun kafin a sa gishiri. Sannan a soke ta tsirara a jinkar ɗakin girki inda hayaƙi ke bi, kube kuma a rataye shi daban. Kube na tafiya ne da ɗamara, in ji shi, ba na ajiya ba ne.

Kawu bai koyi wannan ba domin bai taɓa bukatarsa ba. Ya karɓi gida daidai lokacin da sallah ke fita daga damina, ya yi shekara ashirin da biyar rani na yi masa aikin da iyayensa ke yi da hannu. Tsara guda ta tashi haka, ga ɗakunan jinka sun koma rufin kwano, ga akwati, ga leda. Wuƙar mahauci kuwa ba ta shiga wannan lissafi ba sam. Kullum tana cikin kitse, kullum ana goge ta ana wasa ta, launin tokar da ta yi ma wata kariya ce, shi ya sa ba ya yarda yara su dirje masa ita ta yi fari.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Maƙeri ya jiƙa ta cikin ruwan tsamiya tsatsar ta yi laushi, ya dirje da lallausan yashi, sannan ya wanke da ruwan kanwa don ya kashe tsamin. Wanda ya tsallake wannan wanki na ƙarshe, da lemun tsami ya yi ko da tsamiya, kafin gari ya waye wuƙarsa ta sake yin ja. Ramukan ɗinki ba su fita, suna nan. Waɗanda suka kusanci kaifi ne suka sa dole ya ci faɗin wuƙar kaɗan a dutse, domin kaifi mai giɓi ba ya yanka, yagewa yake yi. Baduku ya ɗinka sabon kube, tsohon aka jefa a wuta, layar Inna ta koma kan sabon.

A kan abin shafawa mun ɗan yi gardama. Wani saurayi ya kawo shawarar baƙin man mota, wanda ake shafa wa gatari da ƙyauren ƙofa. Yana hana tsatsa, amma dauɗar inji ce a cikinsa, ba a kai shi kusa da abin da za a ci. Man gyaɗa yana yi na 'yan kwanaki, in ya daɗe sai ya yi danƙo ya kama ƙura. Man shanu, duk da alfaharin da muke yi da shanun Azawak na garken Tukunus, ɗanyensa na da ruwa a ciki kuma yana tsami, sai in an soya shi. Ni a ganina kitsen da aka narkar ba gishiri, ko man kaɗanya, sun wadatar, kuma shafa kaɗan ake so, ba laɓtawa ba. Wuƙar girki ta yau da kullum ba ta ma bukatar wannan duka. In an yanka albasa, tumatir ko lemun tsami, a wanke a goge nan take, kada a bar ta cikin kwanon wanke-wanke har a gama hira.

Inna ta saurari bayanin duka, ta ce to, ta leda ya shigo ke nan. Kawu bai ce na yi gaskiya ba, dattijo ba ya faɗa wa ɗan ƙanwarsa haka. Ya dai sa an kafa ƙusa biyu a bangon ɗakinsa, nesa da taga, ɗaya ta wuƙa ɗaya ta kube.

Yanzu layya ta sake barin damina. A 2025 farkon Yuni aka yi ta, kuma za ta ci gaba da ja da baya cikin bazara da hunturu, rani ya koma rufa wa masu sakaci asiri. Sai wajen 2049 za ta sake faɗowa farkon Satumba. Yaran da ke riƙe ƙafar rago yau su ne masu gida a lokacin. Mai karatu, in kana da irinsu a gida, ka sa su wanke wuƙar da toka, su ɗumama ta, su shafa mata kitse a gabanka tun bana, ko da kuwa iskar ranar za ta busar da ita da kanta.